Ranar da Huseina Ba Ta Tambayi Kowa Ba

Ni ce Hassana, ita ce Huseina, kuma tun ranar da aka haife mu a Fagge nake yanke mata shawara. Ungozomar da ta karɓe mu ta sha ba da labarin cewa ni na faɗo babu ɓata lokaci, ita kuwa ta yi zamanta a ciki har hankalin mata ya tashi, sai ka ce tana jiran wani ya gaya mata ko fitowar ta dace. Da na tsala ihu sai ga ta. Innarmu ta ce a ranar ta gane irin 'yar da Allah ya ba ta, ta yi hamdala, ta kuma roƙi ƙarin haƙuri.

Kada wani ya ɗauka wauta ce. Huseina ta fi ni kai a lissafi, ta riga ni sauke Alƙur'ani, in kuwa ta ɗora miya sai maƙwabta sun leƙo. Abu ɗaya ne Allah bai ba ta ba, ta ga abu biyu ta ce wannan nake so. In aka ajiye mana tuwo da shinkafa sai ta dube ni. In aka ɗinka mana kayan salla, yadi ɗaya, ɗinki ɗaya, tela ɗaya, sai ta baje su a kan gado ta tambaye ni wanne ya fi. Ni kuma ban taɓa rasa amsa ba, don haka muka zauna lafiya.

Da muka isa aure samari biyu suka fito mata, wani malamin makaranta da wani direban jirgin ƙasa mai suna Sadisu. Abin da ta yi har yau tsofaffin layinmu suna ba da labarinsa. Ta tambayi malamin ra'ayinsa a kan Sadisu, ta kuma tambayi Sadisu ra'ayinsa a kan malamin. Malamin ya yi abin da kowa zai yi, ya zayyano aibun abokin takararsa har da wanda ba shi da shi. Sadisu kuwa, bawan Allah, ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya malamin ya fi shi kyau da natsuwa, ga shi kullum yana gari. Ta dawo gida tana kuka, wai duka biyun bakinsu ya zo ɗaya amma zuciyarta ta ƙi kwanciya. Na ce ta auri Sadisu, ta aure shi. Shi ma mutum ne da ya saba da hanyar da aka riga aka shimfiɗa masa, ba kwana ba ratse. Duk abin da ya taso a gidansu sai su zauna su yi ta kallon juna, in sun gaji a aiko a kira ni. Sunayen 'ya'yansu duk ni na zaɓa, liman sanarwa kawai ya yi.

Da Sadisu ya rasu, Allah ya jiƙansa, 'ya'ya kuma kowa ya kama gabansa, sai ta dawo gidanmu na gado, inda nake zaune tun da na yi ritaya daga shugabancin makarantar firamare. Ni na ce ta kama sana'a kada zama ya ci ta. Muka fasa taga a ɗakin zaure, ta fara sayar da kayan masarufi, su sabulu da ashana da madara da taliya, tana saro su a Kasuwar Singa.

A nan 'yan Singa suka san ta. Sarin da wata za ta gama kafin rana ta yi zafi, Huseina sai ta kai la'asar. Ta tsaya gaban Alhaji Wali mai sabulu ta tambaye shi tsakaninsa da Allah ko na maƙwabcinsa ya fi nasa kumfa. Ta je ta tambayi maƙwabcin. Ta tare ɗan dako da buhu a ka, gumi na zuba, ta ce, "Ɗan nan, kai ya kake gani?" Har ta kai in an hango mayafinta daga bakin titi, sai manyan alhazai su tuna ba su yi walaha ba. An ce wani ya taɓa shigewa bayan katan-katan na taliya ya yi lamo, ta zagaya ta same shi, ta tambaye shi ko maɓoyar yau ta fi ta jiya iska. Ba gatse take yi ba, da gaske take son ta sani.

Gidan da ke kallon namu na Malam Muhammad Nur ne, jikan alƙali, ɗan malami, shi kuma ya yi aikin gwamnati har ya kai matsayin da ake buɗe masa ƙofar mota. Matarsa Nana Hafsat malamar sakandare ce. Mutanen kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansu, sai dai gida ne da kowa ke ba da shawara babu mai karɓa. Ko gishiri ka je aro sai an haɗo maka da nasiha. A wannan gida autarsu Raudha ta tashi, yarinya doguwa siririya, ta ɗauko kakarta ta wajen uba, wadda har ta koma ga Allah ba ta taɓa cika kujera ba.

Sirantar ce ta zame mata masifa da ta kai shekara goma sha biyar. 'Yan ajinsu suka sa mata suna Tsinken Tsire. Tela ya auna ta don ankon wani biki, ya ce a gaban ƙawayenta ragowar yadin ya isa a ɗinka wa mutum guda. A waya kuwa kullum hotunan 'yan mata take gani, kowacce ta cika ta batse. Sai wata ta raɗa mata sunan ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe, wadda wasu masu kemis ke miƙo wa yaro ba tare da sun tambayi takardar likita ba. Ta fara sha a ɓoye. Duk wannan daga baya muka sani, amma gara in faɗa tun yanzu, don a san abin da ke cin yarinyar nan a lokacin da mu manya muke ta shirme.

Fuskarta ta cika ta yi sheƙi kamar fanke, hannu da ƙafa kuwa suna nan yadda suke. A gidansu aka yi murna. Nana Hafsat ta ce kunun gyaɗar da take dama mata ne, Malam ya ce nasiharsa ce a kan cin abinci a kan kari. Sai barci ya ƙaurace mata, ciki ya riƙa murɗawa, ƙuraje suka feso, abu kaɗan ta fashe da kuka ko ta yi wurgi da kofi. Daga baya ta rufe baki gaba ɗaya, in ban da "to" da "a'a" ba a jin komai daga gare ta.

Suka kai ta wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari, ni ma na bi su, don ba a irin wannan tafiya a layinmu babu ni. Nas ɗin da ta fara ganinta Sista Adaugo ce, haifaffiyar Kano, Hausar bakinta ta fi ta wasu 'yan Fagge. Ta daɗe tana kallon fuskar Raudha kafin ta yi magana.

"'Yammata, kina shan wani magani?"

"Ba ta sha," in ji Malam.

"Ina ne yake miki ciwo?"

"Nan ne, ƙasan haƙarƙari," in ji Nana Hafsat, tana dafa nata cikin.

"Kina samun barci?"

"Ba ta samu," na ce, don kada a bar ni a baya.

Sista ta ajiye biro. "To madalla, ku ukun na ji lafiyarku. Ku ɗan jira mu a waje."

Ta keɓe da Raudha, amma yarinyar ta kafe ba ta shan komai. Likita ya rubuta maganin ciki ya ce a dawo. Za mu tafi Sista ta biyo mu baranda, ta rage murya.

"Malam, ina zargin akwai abin da take haɗiya, in kuwa shi ne, ba abin wasa ba ne. Yana cin ciki, yana jawo hawan jini da ciwon suga. Amma ba zan iya zura hannu in zaro magana daga bakinta ba. Ku ma ba za ku iya ba, don ku ne iyayenta, tana jin kunyarku, tana tsoron ɓacin ranku. Ku samo mata wani babba, ba uwa ba uba ba, wanda kuka yarda da tarbiyyarsa, wanda ƙofarsa a buɗe take kuna ganin mai shiga da mai fita, wanda kuma zai iya rufe bakinsa ya saurara. Na ga yara da yawa a nan. Masu irin wannan mutum sun fi cin abinci, sun fi barci, in kuma suka shiga uku suna da wurin zuwa tun abu bai lalace ba. Kar ku je nesa. Ku duba inda ƙafarta take zuwa da kanta."

Malam ya saurari duk wannan da kyau, abin da ya tsinta a ciki shi ne a kafa kwamiti. Da farko ya sa aka birkice ɗakin yarinyar har ƙarƙashin katifa, ba a samu komai ba. Sannan aka kafa Kwamitin Nemo wa Raudha Jagora. Shi ne shugaba, ƙaninsa mataimaki, Nana Hafsat mai ba da shawara ta musamman. Ana zama a falonsa bayan la'asar, da lemo da cincin. Raudha ce ke kawo lemon, ta ajiye ta fita, don Malam ya ce a ƙa'idar aiki wanda ake magana a kansa ba ya zama a taro.

Aka fara gwada wata gwaggonta, tsohuwar darakta, wadda ta zo da kwamfuta ta haska wa yarinyar rukunan abinci a jikin bango. Raudha ta kalli bangon har aka gama, aka kashe, ta ci gaba da kallonsa. Aka kawo wata mai wa'azin mata, ta yi bayani mai ratsa jiki a kan godiya ga halittar Ubangiji, ta rufe da cewa ita ma da can siririya ce kafin Allah ya rufa mata asiri. Sai aka zo kaina. Ba yabon kai ba, jawabin da na yi wa yarinyar nan ko a taron yaye ɗalibai ban taɓa yin irinsa ba. Na kawo tarihi, na kawo misalai, na kawo kaina. Da na gama na ce, "Kin gane?" Ta ce, "To." Har yau ina ganin laifin fankar falon ne, ƙararta ta cinye rabin maganata.

Sunan Huseina sau ɗaya ya fito a taron, shi ma ƙanin Malam ne ya ambace shi cikin raha. Aka yi dariya har sai da shugaba ya buga tebur. Ni ma na yi. Matar da ba ta iya zaɓar wa kanta ɗankwali ba, ita ce za ta nuna wa wani hanya?

Ana cikin haka wata Asabar aka aiko Raudha sayen ashana a tagarmu. Ina tsakar gida ina jin su. A lokacin Huseina na fama da wata babbar matsala. Ta sayo bokiti biyu, shuɗi da ja, ɗaya na wanka ɗaya na wanki, ta rasa wanne za ta ba wane aiki. Ni na riga na gaya mata in ta sake tambayata zan fasa duka biyun. Sai ga mutum a taga.

"Yauwa Raudha, Allah ne ya kawo ki. Dubi nan. Wanne na wanka, wanne na wanki? Ya kike gani?"

Na ji Huseina ta turo bokitan bakin taga.

"Kar ki yi sauri, ki yi tunani. Ni ma na kwana biyu a kai."

Can na ji wata murya da na manta yadda take. "Inna, ai duk ɗaya ne."

"Haka Hassana ta ce. To in duk ɗaya ne, me ya sa aka yi su kala biyu?"

Sannan yarinyar ta ce, "Ki yi wanki da jan. In atamfa ta zuba ba zai nuna ba."

Huseina ta tafa hannu ta yi salati. Ta leƙo tsakar gida tana kirana in zo in ji hikima, wai duk zamanmu ban taɓa kawo mata hujja irin wannan ba. Na ji haushi sosai. Amma na hango fuskar Raudha ta taga, a kumbure, tana ƙoƙarin danne murmushi. Ina jin tun da aka haife ta ba wanda ya taɓa tambayarta abu don yana bukatar amsar, sai dai don a gwada ko ta haddace.

Daga ranar ƙafarta ta saba da zaurenmu. Nana Hafsat ba ta hana ba, don daga tagar ɗakinta tana hango su. Da Asabar ta zagayo Huseina ta roƙi a ba ta aron yarinyar zuwa Singa, aka ba ta. A ƙafa suke tafiya, saboda in a-daidaita-sahu biyu suka tsaya lokaci guda Huseina ba ta iya shiga ko ɗaya, kada ɗayan ya ji ba daɗi. Wani lokaci su zagaya ta tashar jirgi ta nuna mata inda Sadisu yake jingine kekensa, ta tambaye ta ko ya kamata a ce ta fi haka yi masa kuka. 'Yan kasuwa kuwa suka samu lafiya. Duk tambayar da a da ake raba wa mutum ashirin, yanzu mutum ɗaya ke amsa ta. Alhaji Wali har biskit yake ba Raudha, yana cewa, "Allah ya yi miki albarka 'yata, kin 'yanta kasuwa."

In yunwa ta kama su sai a tsaya tsakanin mai awara da mai ɗanwake. Huseina ta sayi duka biyun, ta ce Raudha ta ɗanɗana ta gaya mata wanne ya fi. Loma ɗaya kuwa ba ta isa hukunci, sai an maimaita, an kuma sake komawa kan na farkon don a tabbatar. Haka yarinyar da ake bi da kwano a gida tana kawar da kai ta riƙa share abinci a matsayin alƙaliya. Ta dawo a gajiye ta yi barci. Magana ta dawo, har da 'yar tsiwa. Kwamiti ya zauna ya duba wannan ci gaba, ya yanke cewa jawabina ne ya fara aiki a hankali, ni kuma ban musa ba.

Sai dai fuskar ba ta saɓe ba, cikin ma bai daina murɗawa ba. Rannan suna zaure suna ƙulla sukari a leda, Huseina ta tambaye ta ko ya dace ta fara shan wani maganin ƙarin jini da wata ta tallata mata. Raudha ta ce kar ta kuskura ta sha abin da likita bai rubuta ba. Da ƙarfi ta faɗa, sai kuma ta fashe da kuka. Ta zaro ƙullin ƙwayoyi daga cikin safar da ke ƙafarta, ta faɗi komai. Ta ce ta taɓa gwada bari, jiri ya kusa kayar da ita, jikinta ya mutu, ta koma. Ta ce in Abba ya ji kwamiti ya ji, in kwamiti ya ji dangi kaf sun ji. Ta sa Huseina ta yi alkawarin ba za ta gaya wa kowa ba, har da ni. Wai musamman ni, abin da har yanzu nake ganin bai kamata ba.

A duba wannan azaba. Matar da ba ta sayen allura sai ta ji bakin mutum uku, an ɗora mata magana mafi nauyi a rayuwarta, an kuma hana ta tambaya. Ta kasa cin abinci. Ta riƙa zagaya tsakar gida tana buɗe baki tana rufewa. Da abin ya ci tura sai ta ɓullo da wata dabara, irin wadda ita kaɗai za ta iya.

"Hassana, in mutum yana da akuya."

"Ba mu da akuya."

"A ce muna da ita. Ƙarama, mai hankali. Sai take haɗiyar wani abu a ɓoye don ta yi ƙiba, abin kuma yana cin cikinta. Ta ce kar a gaya wa mai ita."

"Akuyar ce ta ce?"

"A ce ta ce."

Na taɓa goshinta in ji ko zazzaɓi ne. Na ce a yanka ta tun ba ta mutu an yi asara ba, ta bar ni in ji rediyo.

Ta ɗauki akuyarta ta tafi Singa ita kaɗai. Alhaji Wali ya ce a jiƙa mata kanwa. Wani ɗan dako ya ce a ɗaure mata baki da tsumma. Uchenna mai madara ya ce su a garinsu akuyar da ta fara magana ba a kwana da ita a gida, fasto ake kira. Kafin azahar labari ya zagaye kasuwa cewa Hajiya Huseina ta samu akuya mai aljanu, har wani mahauci ya biyo ta yana tayi. Ta dawo da shawara buhu guda, babu wadda za ta amfani 'yar mutum. Na same ta a zaure tsakanin katan-katan tana hawaye ba sauti. Na tambaye ta, ta girgiza kai. Tun muna ciki ɗaya ba ta taɓa ɓoye mini komai ba sai ranar. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni.

Washegari da hantsi ina ɗaki na ji kakarin amai. Na fito na tarar da Raudha durƙushe a bakin rariya ta riƙe ciki, abin da ta amayar da baƙi-baƙi a ciki kamar tataccen ganyen shayi. Na buɗe baki zan fara ba da umarni yadda na saba, sai na ji an riga ni.

"Tashi. Ɗauki hijabinki."

Na waiga ina neman mai maganar. Huseina ce. Ta riga ta yafa mayafi a karkace, takalmi ƙafa ɗaya nata ƙafa ɗaya nawa.

"Inna, kin yi alkawari," in ji Raudha.

"Na yi, ban kuma karya ba. Ban gaya wa kowa ba. Ke za ki gaya wa Sista da bakinki, ni ina riƙe da hannunki. In kin ƙi, a can zan zauna har ki faɗa. Ki ji haushina in kin ga dama, amma da ranki za ki ji shi."

Na ce, "Huseina, wai me ake ciki? Tsaya mu yi shawara."

"Babu shawara. Je ki gaya wa iyayenta su same mu wurin Sista Adaugo."

Ni aka aika. Ni Hassana. Kuma na tafi, ba ko musu. Ina tsallaka layi na hango a-daidaita-sahu har uku sun tsaya mata a bakin titi, kowa na kiran Hajiya. Ta tura yarinyar cikin na farko ta bi ta, ko kallon sauran ba ta yi ba.

Kafin mu isa Raudha ta riga ta faɗa. Sista ta fito ta same mu ta ce gyambon ciki ne, ƙwayar ce ta jawo shi, ya fara zubar da jini, amma an zo a kan lokaci. Malam ya miƙe ya ce a ba shi ƙwayoyin ya zuba a masai, daga yau an daina. Sista ta ce a'a, irin wannan ba a yanke shi rana ɗaya, jiki ya riga ya saba, likita ne zai riƙa rage shi a hankali har a rabu lafiya. Malam ya koma ya zauna a benci. Can ya ɗago ya ce, "Wa ta fara gaya wa?"

Sista ta nuna Huseina, tana tsaye jikin bango da takalmanta iri biyu. Malam ya miƙe tsaye. Ya cire hula, ya mayar, ya ce, "Hajiya, Allah ya saka da alheri." Ya juya ya tambayi matarsa ko a kira taron gaggawa. Nana Hafsat, ido jawur, ta ce, "Malam, maganar nan ba za ta bar bencin nan ba." Kwamitin bai sake zama ba, lemon da ya rage ni aka aiko wa.

Aka kwantar da Raudha 'yan kwanaki, aka sallame ta. Ana rage maganin kumburin na saɓewa, har fuskarta ta gaskiya ta dawo, doguwa, da manyan idanu. Tana ci, tana barci, uwarta ta daina tsayawa a kanta da kwano. Amma ta ɗauke ƙafa daga gidanmu. In an aike ta ashana sai ta wuce tagarmu kai a sunkuye, ta tafi shagon ƙarshen layi. A ganinta Huseina ta tilasta mata, ta sa ubanta ya san abin da ta fi jin kunya a duniya.

Huseina ta ci gaba da zuwa Singa ita kaɗai. Ta nuna kaya, a ɗaure mata, ta dawo tun da hantsi. Alhaji Wali ya aiko a tambaye ni ko Hajiya ba ta da lafiya ne, wai kasuwar ta yi musu wani iri. A gida ma haka. Na zauna ina jiran ta tambaye ni ko abin da ta yi daidai ne, amsar na nan a bakina na shirya ta tsaf, amma shiru. Ni da na shekara da shekaru ina roƙon Allah ya raba ni da tambayoyinta, sai ga ni ina bin ta da ido a tsakar gida. Da na ƙosa na same ta tana shanya, na ce, "Kin yi daidai fa."

"Na sani," ta ce. Ta matse zanen da ke hannunta ta rataya. "Kewarta kawai nake ji."

Na ɗauki zane na taya ta shanyar.

Sai da aka yi hutun makaranta aka koma. Wata rana bayan azahar muna zaure muna tsince wake aka yi sallama. Raudha ce, siririya yadda Allah ya yi ta, idonta fes. A bayanta akwai wata yarinya cikin kayan makarantarsu, tana ɓoye fuska, kumatunta sun cika suna sheƙi, hannayenta kuwa ba su kai na Raudha ba. Ni da Huseina muka kalli kumatun nan, muka kalli juna, don mun san irinsu.

Raudha ba ta ba da haƙuri ba, ba ta kuma nemi a ba ta ba. Ta gaishe mu, ta jawo hannun yarinyar.

"Inna, wannan Blessing ce, ajinmu ɗaya, a Sabon Gari suke. Mamanta ta san tana nan. Akwai maganar da take so ta yi, amma ba yanzu ba."

Huseina ta matsa a kan tabarma, ta tura musu faifan waken. Blessing ta zauna a bakin tabarmar. Raudha kuwa ta zagayo ta zauna daf da Huseina, har kafaɗarsu na gogar juna, ta fara tsintar tsakuwa kamar jiya ta tashi daga wurin. Sannan ta ɗago ta dube ni cikin ladabi.

"Inna Hassana, ko za ki ɗan ba mu wuri?"

Na tashi na shiga ciki, na ƙara shinkafa a tukunya.